Takardar da Aka Ɗinke a Sawakin

Duk wanda ya taɓa karya kumallo da waina a unguwar Mansur da ke Makka, da wuya a ce bai ci ta Inna Rabi'a ba. Shekara arba'in da ɗoriya tana dasa tandarta a ƙofar gida ɗaya, kusa da shagon mai gyaran waya, wanda a da shagon tela ne, kafin nan kuma wajen ɗaure awaki. Ɗaliban ilimi 'yan Najeriya sun ci, direbobin tashar bas ta Kudai sun ci, har Larabawan unguwa sukan aiko da kwano a zuba musu miya da yawa. Ita dai ba ta iya fara'ar talla ba. In ka ce wainar yau ta yi tsami, sai ta ce bakinka ne ya kwana da tsami. Gobe kuma ka dawo da kwanonka.

Ba a Makka aka haife ta ba, ba kuma a ƙasar Hausa ba. A hanya aka haife ta. Mahaifinta Malam Tsoho wanzami ne daga wajen Gumel, ya taso da matarsa Khadijatu da niyyar aikin Hajji, wani wuri a ƙafa, wani wuri a jaki, in an samu akori-kura a yi hamdala. Ya yi aski da ƙaho a Fort Lamy da Abeshe, sun tsinki auduga a Wad Madani har yatsunsu suka tsattsage. Shekara tara suka yi kafin su ga Ka'aba. Rabi'a tana da shekara shida, ko biyar, ko bakwai, lokacin da jirgin ruwa ya sauke su a Jidda. Ba wanda ya san daidai. A iƙamarta, wato takardar izinin zama, an rubuta ɗaya ga watan Rajab, ranar da aka haifi rabin tsofaffin Mansur in ka bi ta takarda.

Ta yi aure a nan, ta haifi shida, ta binne miji. Autanta Luƙman shi ke riƙe da gidan yanzu. Direban bas ne na alhazai a Kudai, mutumin kirki, mai tsoron Allah, ba ya rasa karatun bayan La'asar a Harami. Aibinsa ɗaya, in ya ji abu a wajen karatu yau, to gobe a gida za a gwada shi.

Abin da ke cin ran Inna Rabi'a shi ne jikoki. Ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. In ta ɗauko labarin hanya, kafin ta fita daga Maiduguri sun ce, "Khalas ya Sitti, mun ji," kowa ya koma kan wayarsa. Sitti suke ce mata, yadda 'ya'yan Hijaz ke kiran kaka. Tana jin zafin abin ƙwarai, sai dai ta rufe da faɗa.

To a bara aka zo aka shafa jan fenti a bangon layinsu, alamar za a rushe. Luƙman ya nemo musu gida a Kudai, hawa na huɗu, aka sa ranar Asabar za a tashi. Ranar Litinin yana taya ta kwashe tsohuwar adakarta, can ƙasan zannuwa hannunsa ya taɓo wani abu. Ya ɗago shi. Wata 'yar jakar fata ce kamar tafin hannu, ja ce a da amma ta yi baƙi, an ɗinke ta gam ta kowane gefe.

"Inna, mene ne wannan?"

"Nawa ne. Ajiye."

"Inna, laya ce."

"Ba laya ba ce, Auta."

"To mece ce? A buɗe mu gani."

"Ba za a buɗe ba."

Luƙman ya durƙusa, don bai taɓa yi mata magana a tsaye ba. Ya ce shi ba zai saɓa mata a komai ba, amma wannan haƙƙin Allah ne. Shekara nawa suna kwana da laya a gida, a garin Makka, ba su sani ba. Ya ce wallahi ba za ta shiga sabon gida ba. Ko dai a buɗe a ga abin da ke ciki, ko kuwa kafin Asabar ya kai ta bayan gari ya ƙone. Ta fizge abarta ta cusa a lalitarta, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Amma ta san ɗanta. Tunda ya ce wallahi, to magana ta zauna.

Yanzu bari in gaya muku abin da ta kasa gaya masa. Takarda ce a ciki, ba wani abu ba. A zamanin da iyayenta suka yi tafiya, mai hankali ba ya shiga baƙon gari haka kawai. Liman ko mai unguwa na garinku zai rubuta cewa ya san ka, kai ba ɓarawo ba ne, ga sana'arka. Ka kai wa mai masauki na gari na gaba. In za ka tashi, shi ma ya ƙara layinsa a ƙasa, ya ambaci gidan da za ka nufa. Haka takarda ke tsawo ana ƙara mata wata da ƙaro, har wanda ya karɓe ka a ƙarshe ya rubuta cewa ka iso.

Tasu ba a taɓa rubuta mata ƙarshe ba. A Sawakin, garin bakin teku, ana gobe za su shiga jirgi, Rabi'a ta ga mahaifiyarta ta shimfiɗa takardar tana kallon wani wuri a tsakiya. Akwai 'yar alama a wurin, layi biyu sun gitta juna. Khadijatu ta ce mata alamar Nasara ce, ta mutumin da aka haifi Rabi'a a gidansa a garin Ubayyid. Ta ce in ma'aikatan Jidda suka gani za su iya mayar da su, kuma yaga wurin butulci ne. Sai ta naɗe takardar, ta sa baduku ya ɗinke ta a fata, ta ce kada Rabi'a ta taɓa nuna wa kowa. Shekara sittin da bakwai ke nan. A buɗe, a ce gidan Malam Tsoho sun ɓoye gicciye a Makka. Kada a buɗe, Auta ya ƙone mata iyaye da hannunsa. Kwana biyu wainarta tana ƙonewa a tanda, masu saye suna kallon juna.

Cikin jikokin akwai Suhaila, 'yar Luƙman ta fari, mai karatun digiri na biyu a jami'a, a sashen nazarin addinai. Da aka ce an ba ta bincike a kan yadda addinin Nasara ya faro ya yaɗu, Inna Rabi'a ta ajiye ludayi ta ce, "Duk karatun da ke garin nan a rasa abin da za a ba ki sai wannan?" Luƙman ne ma ya kare 'yarsa, ya ce malamai sun halatta sanin tarihin al'ummai. Daga nan Inna ba ta ƙara tambaya ba, sai dai in ta ga yarinyar da tulin littattafai ta ce, "Sannu, limamiyar Rumawa."

Ranar Laraba da hantsi, masu saye sun ragu, Suhaila ta fito ta zauna a kujerar roba kusa da tanda, fuska a murtuke. Ta ɗauki waina ba a ba ta ba.

"Wa ya taɓa ki?" in ji Inna.

Da Hausarta mai ɗingishi, rabi Larabci, Suhaila ta ce daktorar da ke duba aikinta ta dawo mata da babi na uku. Wai ta jera sunayen garuruwa kamar allon tashar Kudai: Baitul Muƙaddas, Antakiya, Afisa, Iskandariya, Roma. Wai ba mutum ko ɗaya a cikin babin.

"To su waye mutanen?"

"Talakawa ne, Sitti, yawancinsu. Masunta, masu ɗinkin tanti, bayi, zawarawa. Bayan Annabi Isa, alaihissalam, mabiyansa ba su da sarki, ba su da soja. Kusan shekara ɗari uku hukumar Rum ba ta yarda da su ba, wani lokaci a ƙyale su, wani lokaci a kama su a kashe. Ko ginin ibada ba su da shi da farko. A gidajen mutane suke taruwa."

"A gida? Wa ke dafa musu abinci?"

Suhaila ta yi dariya. Ta ce ai sau da yawa mata ne masu gidan. Akwai wata mai sayar da tufafi masu tsada da aka ce a gidanta jama'ar garinsu suka fara haɗuwa. Sukan ci abinci tare, su kula da marayu, in annoba ta shigo gari mutane suna gudu su kan tsaya jinya. Inna ta juya waina, ta ce to wannan ai ba abin mamaki ba ne, wanda ya yi jinyarka ba ka manta ƙofar gidansa.

"In baƙo ya zo daga wani gari fa?" ta tambaya, kamar ba ta damu ba.

"Ya kwana biyu ko uku a ciyar da shi. In zai zauna, ya kama sana'a."

"Haka ne. Kwana uku. Na huɗu ka fito da askarka."

"To nan ne na maƙale, Sitti. Mutane ne da ake farauta. Baƙo ya buga ƙofa, ta yaya za ka san ba ɗan leƙen asiri ba ne? Littattafai sun ce da wasiƙa suke tafiya. Shugaban jama'ar garinku ya rubuta cewa ya san ka, ka kai wa na gari na gaba, shi ma ya tura ka gaba. Na karanta, na rubuta, amma ni ban ga yadda 'yar takarda za ta sa mutum ya buɗe wa wanda bai taɓa gani ba ɗakinsa."

Wainar ta fara hayaƙi, Inna Rabi'a ba ta juya ta ba. Ta sauke tandar gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa yi da sauran ƙullu ba. Ta ce wa Suhaila ta biyo ta ciki, ta rufo ƙofa, ta zo da reza.

A tsakar ɗaki, tsakanin kwalaye, ta fito da jakar fatar. Ta ce, "Ke kin san alamominsu. In abin da ke ciki mugun abu ne, ki gaya mini gaskiya, ni da kaina zan ba ubanki ya ƙone. In kuwa kika yi mini dariya, sai na ci mutuncinki."

Suhaila ta bi ɗinkin a hankali tana yankewa. Takardar ta fito a naɗe, ta yi launin shayi, tsawonta ya fi kamu biyu, gaɓa-gaɓa, kowane layi da irin hannunsa da irin tawadarsa. Yarinyar ta fara karanta layin farko da ƙarfi, sai ta tsaya. Haruffan Larabci ne, tana iya furta su sarai, amma ba ta gane abin da take faɗa ba.

"Ci gaba," in ji Inna. "Ajami ne. Ke karanta, ni na ji."

Haka suka yi. Jika tana furtawa, kaka tana gyara mata tana fassarawa. Limamin ƙauyensu ya ce wannan Tsoho ne wanzami da iyalinsa, mutumin kirki ne, hannunsa ba ya rawa. Wani a Maiduguri ya ce sun yi wata biyu, ba a ga aibu ba. Na Fort Lamy ya ce ya yi wa 'ya'yansa uku kaciya duk sun warke. Na Abeshe ya ce mutumin yana da yawan magana amma ba ya ƙarya. Nan Inna ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce wallahi Baba ne, kamar yana zaune. Jinaina, Fashir, kowane gida da sunan mai shi, sunayen da take ta ƙoƙarin faɗa wa jikoki suna ce mata khalas.

Sai suka iso wurin alamar. Wannan layin da Larabci ne tsantsa, da alƙalamin bature, don haka Suhaila ta karanta a ranta tukuna. Inna tana kallon bakinta.

"Faɗi mana."

"Sunansa Sami, Sitti. Ɗan Kibɗawa ne, Kiristocin Masar, mai shagon yadi a Ubayyid. Ya ce an aiko iyayenki gidan wani Bahaushe, suka tarar ya rasu, gidan a rufe, mahaifiyarki kuma tana kan gwiwa a bakin shagon yadin. Ya karanta takardar, ya ga mutum bakwai sun shaide su, sai ya shigar da su gidansa. Matarsa ce ta karɓi haihuwar. Ya ce, sun zo mini su biyu, sun tafi su uku. An haifi yarinyar ranar Laraba, sha biyu ga Maris, alif ɗari tara da hamsin da biyu. Duk wanda suka iso gare shi ya riƙe su da kyau saboda Allah."

"Alamar fa?"

"A gaban sunansa take. Da yawansu haka suke sa hannu, don a san ko su waye. Ba tsafi ba ne, Sitti, ba a kuma ce ki bauta wa komai ba. Mutumin ya faɗi ko shi wane ne, bai ɓoye ba." Suhaila ta share ido da gefen mayafi. "Kibɗawa daga jama'ar Iskandariya suka fito, tun ta farkon nan da nake rubutu a kai. Shi ya san irin wannan takardar. Kakanninsa da irinta suka yi yawo."

Inna Rabi'a ta zauna a kan kwali. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta koma faɗa. Ta ce shekara sittin da bakwai tana ɗauke da dutse a ƙirji a kan sa hannun mai yadi. Suhaila ta ƙirga da yatsu ta ce ashe Sitti ta girmi iƙamarta da shekara uku, kuma ashe Larai ce. Inna ta ce in ta kuskura ta faɗa wa matan layi, ba ita ba wainar gidan nan har abada.

Bayan Azahar Luƙman ya dawo ya same su a ƙasa, takarda a shimfiɗe, fatar a gefe. Ya ga an buɗe, ya yi hamdala, ya durƙusa yana dubawa. Idonsa ya faɗa kan alamar, fuskarsa ta canza. Inna ta bar shi ya karanta layin da kansa. Ya karanta sau biyu.

"Inna, a bakin shago?"

"A bakin shago, Auta. Da bai buɗe ba, da babu ni, balle kai da bas ɗinka."

Luƙman ya ce ko Sahabbai da aka matsa musu a garin nan, wajen sarkin Habasha suka sami mafaka, shi kuwa a lokacin Banasare ne. Ya ce wannan an karantar da su. Inna ta ce to madalla da aka karantar da shi wani abu ban da ƙone-ƙone. Ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce ta yafe masa. Ta ce za ta yi shawara.

Daga ranar Suhaila ta manne wa kakarta. Ta kawo waya tana naɗar muryarta, tana tambayar abin da ba a taɓa tambayarta ba: wa ke fara cin abinci in baƙo ya sauka, ina mata ke kwana, me ake yi wa wanda ya zo ba takarda. Babin nata dai a kan mutanen Antakiya da Roma yake, na shekara dubu biyu da suka wuce, ba a kan wanzamin Gumel ba. Amma ta ce yanzu in ta rubuta cewa wani ya buga ƙofa a Afisa da wasiƙa a hannu, tana ganin ƙafafunsa da ƙura, tana ganin matar gidan tana leƙowa. Sauran jikokin da suka ji ana dariya a ɗakin Sitti ba da su ba, ɗaya bayan ɗaya suka shigo. Aka sake karanta layin mutumin Abeshe har sau huɗu.

Ranar Asabar aka kwashe kaya. Inna Rabi'a ta shiga sabon gida da tandarta a hannu, don ta ce ba ta yarda da masu ɗaukar kaya ba. Ta zagaya ɗakunan, ta kushe kicin, ta kushe tagogi, ta leƙa ta ga tashar bas a ƙasa cike da alhazai, ta ce to aƙalla akwai masu cin waina. Da aka yi sallar La'asar ta sa aka tara kowa a falo, tun ba a shimfiɗa kafet ba. Ta fito da takardar ta miƙa wa Luƙman, ta ce wa Suhaila ta ba shi biro.

"Ƙasa da layin Sawakin akwai fili," ta ce. "Mai masaukin ƙarshe ne ke cikewa. Ba a taɓa cikewa ba. Kai ne mai gidan nan."

Luƙman ya karɓi biron, ya gyara zama, ya ɗora takardar a gwiwa. Mutumin da ke tuƙa bas mai ɗaukar mutum hamsin cikin cunkoson Mina, sai ga shi ya rasa ta inda zai fara.

"Me zan rubuta, Inna? Da Larabci?"

"Da Hausa. Suhaila ta nuna maka yadda ake yi."

Yarinyar ta matso kusa da ubanta. Inna Rabi'a ta gyara mayafinta, ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa zai ji.

"Rubuta, Tsoho wanzami da Khadijatu da 'yarsu Rabi'a sun iso Makka lafiya, su uku. Mun gode wa kowa da kowa."

Ya rubuta, harafi bayan harafi, Suhaila tana gyara masa. Da ya kai ƙarshe ya tsaya, ya dubi falon. 'Ya'ya, surukai, jikoki, da tattaɓa-kunne biyu suna rarrafe tsakanin kwalaye.

"Inna, su uku kawai zan bari?"

Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Ƙara a ƙasa," ta ce. "Yanzu mu talatin da ɗaya ne."